Ɗakin Gwaji, Ranar Talata

Ƙarfe takwas aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari biyu, ya mutu.
Na ce ku ja teburan bakin taga,
rana ma fitila ce, ba ta cin kuɗin mai.
Yau za mu gaisa da waɗanda ido ba ya gani.

Su arba'in da ɗaya, madubi shida.
Farar rigar kowa tana ƙamshin guga,
layin ninki bai bar kafaɗa ba.
Sun haddace sunaye masu tsawon igiyar rijiya,
amma jin suna daban, ganin fuska daban,
a tsakaninsu ake tsintar sani.

Jiya na sa kowa ya danna yatsa
a farantin da muke ciyar da ƙwayoyin cuta,
aka rufe, ya kwana a ɗumi.
Zugwai ta rantse ta wanke hannu kafin ta shigo.
Yau ga gonarta ta tsiro,
fari-fari, rawaya-rawaya, kamar an watsa gero.
Ta ja da baya tana kallon tafinta
kamar hannun wani.

Na ce wataƙila ƙarfen keke ne,
ko canjin da kika karɓa a Kasuwar Barci.
Kada ki tsani hannun.
Yawancinsu maƙwabta ne, ba haya, ba faɗa.
Aikinmu gane ɓarawo a cikin 'yan gari,
shi kuwa ba tsawo, ba murya, ba sanda,
duk jarinsa raini.

Ga kwalba daga wata rijiya a Rigasa,
ruwa garau, ka ce a yi alwala a sha.
Kwana biyu muna kiwon abin da ke ciki.
Ku leƙa. Lanƙwasassu ne kamar rufu'a a kan allo,
suna wulgawa ba birki.
Na faɗi sunansu, na faɗi yadda suke matse hanji,
na faɗi gishiri da sukari, na faɗi ƙarin ruwa.
Ban faɗi daminar da nake aji uku ba,
daren da aka ce kambun baka ne,
kafin asuba muka rasa Uwani.

Sagir ya ɗaga hannu: Malama, to kafso ja da rawaya
da mai kemis ke ɓallewa biyu-biyu fa?
Na ce ita ma ƙwayar ɗaliba ce, ta fi ku naci.
Ka ba ta rabin duka, ka buɗe mata makaranta.
Ba ta faɗuwa jarrabawa sau biyu,
watarana za ta yi kalaci da magani.

Gilashi na ƙarshe na tarin fuka ne.
Layi ya tafi da sauri, kowa na jin yunwa,
sai Jazuli, mai barkwancin aji,
ya manne ido, ya ƙi tashi.
Me ka gani?
Ya ce jajayen sanduna, sirara,
a warwatse a kan shuni.

Da kowa ya watse ya tsaya yana naɗe riga.
Malama, in tari ya kai wata uku,
mutum na jiƙa zanen gado da dare,
wandonsa na neman sabon rami a bel...
Wane ne?
Babana. Tun da aka rufe masaƙa a Kakuri
yake cewa ƙurar auduga ce ba ta gama fita ba.
Shekaranjiya na ga hankicinsa a bokiti
da ɗigon jini.

Ban yi masa lacca ba.
Na ba shi robobi biyu masu murfi:
ɗaya yau, ɗaya gobe da asuba kafin ya ci komai,
ku buɗe tagogi, ƙannenka ma a kawo su.
Ana warkewa, Jazuli. Wata shida ne, ba fashi.
Ya sa su a aljihun farar rigar, aljihun ya kumbura.

Yana fita wuta ta dawo,
fanka ta watsa min takardu.
Na bar su a ƙasa tukuna,
na je famfo, na daɗe ina cuɗa sabulu
tsakanin yatsuna, kamar yadda na koya musu,
ba mai kallona sai ni.